Kawuna Tela da Kalmominsa Masu Harafi Biyar

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, ruwa ya sauko tun da hantsi, irin ruwan Yawunde da ke kwaso jar laka daga kan tudu ya zube ta a lungunan unguwarmu ta Briketeri. Maza suka dawo daga maƙabarta ƙafafun wandunansu ja wur. Aka kafa tanti a ƙofar gida, aka tare layin da benci, masu babur na haya suka riƙa juyawa ba tare da ko ƙunƙuni ba, abin da ban taɓa gani a unguwar nan ba.

Mu mata muna ciki. Mahaifiyata, ƙanwar mamacin, ta jingina da bango tana jan carbi. Duk wadda ta shigo ta ce mata "Ya haƙuri?" sai ta amsa "Da godiya" ba ta ɗaga kai ba. Matar Kawu, wadda dukkanmu muke ce wa Dada, ba ta yi kuka ba a ranar. Sai tambaya take ko an kai wa maza ruwa, ko tabarmi sun isa. Tsofaffin unguwa suka riƙa raɗa wa juna cewa ba a son irin wannan shirun.

Wadda kukanta ya cika gidan ba danginmu ba ce, ba ma Musulma ba ce. Wata doguwar mata ce daga unguwar Nkomkana, ta shigo da ɗankwalin da ta ara a zaure, ta durƙusa gaban Dada tana maimaita "Pa don leave we", wato Baba ya tafi ya bar mu. Wasu baƙi daga Garwa suka kalli juna. Dada ta dafa kanta, ta matsa mata wuri a kan tabarmarta.

A waje, aminin Kawu, wani Alhaji mai sayar da huluna da ya zo daga Kano tun yana saurayi, ya ƙi shiga tanti. Ya ɗauki kujera ya zauna a bakin shagon Kawu da ke rufe, ruwan kwano na ɗiga a kafaɗarsa. Mijina ya kai masa lema, ya ce, "Bar ta, ɗana. Nan na saba zama."

Magidanta da yawa sun zo da ban san su ba: direbobi, mahauta, wani ma'aikacin ofis daga unguwar Tsinga da taye a wuyansa. Na ji suna faɗa wa juna a waya cewa Papa Cinq Lettres ya rasu, wato Baba mai harafi biyar. Da yawansu ba su san sunansa na yanka ba. Saboda su na zauna rubuta wannan, da kuma 'ya'yana, don kada laƙabin ya rage shi kaɗai, mutumin ya ɓace a bayansa.

Kawu tela ne. Uwarsu ɗaya da mahaifiyata, uba kowa da nasa. An haife shi a unguwar Hausawa ta Bamenda, inda mahaifinsa ke fataucin goro, ya yi 'yan shekaru a makarantar boko ta can, inda da Ingilishi ake koyarwa. Da mahaifin ya rasu, kakarmu ta sake aure, sabon mijin ya kawo ta Yawunde tare da yaron. Yayarsa da suke uba ɗaya aka bar ta can hannun dangin uba. Nan kuwa komai da Faransanci ake yi. Aka kai shi lekol, wato makarantar bokon nan, malami ya mai da shi ajin farko cikin yaran da ba su kai kafaɗarsa ba. Ya daure zango ɗaya, ya ce ba zai koma ba. Sai aka damƙa shi hannun wani tela, a nan ya tashi, a nan ya tsufa.

Ingilishin da ya zo da shi ba mai yawa ba ne, amma ya riƙe shi gam. Idan an sayo tsire da yamma, kowa nama yake kai wa hannu, shi takardar da aka naɗo shi yake jira. In ya yi sa'a shafin jaridar na Ingilishi ne, sai ya shimfiɗa shi a kan teburin yanka, ya goge mai da yaji, ya bi layi-layi da yatsa yana farautar kalmomi. Ba kowace kalma ke burge shi ba. Mai harafi biyar yake so. Ya ce mai uku ta yi yarinta, mai takwas ta cika girman kai, mai biyar kuwa daidai tafin hannu take, yatsa ɗaya harafi ɗaya.

Kullum bayan ya buɗe shago, sai ya ɗauki allin da yake zana yadi da shi ya rubuta wutsiyar kalma a jikin ƙyauren, ya bar gurbi a gabanta. Yaran da ke wucewa lekol su za su cike. Doka biyu ce: harafi biyar cif, kuma ka faɗi ma'anarta da Hausa, ba da Faransanci ba. Wanda ya ci ya samu maɓalli mai ƙyalli ko ƙyallen atamfa, wanda rigar makarantarsa ta yage kuma a ɗinke masa nan take.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba. Na tuna wata safiya da ya rubuta ATCH.

"Uwata, zo ki buɗe mana kasuwa."

Na ce, "Match."

"Mece ce?"

"Ashana."

"Ko wasan ƙwallo. Wannan tana cin tuwo gida biyu. Na gaba."

Wani ya kawo catch, kamawa. Wata ta kawo hatch, ƙyanƙyasar kaza. Latch ta gagari kowa, sai da Kawu ya tashi ya taɓa sakatar ƙyauren da kansa. Kalma ɗaya ya ajiye wa kansa har aka watse saura mu biyu, sannan ya ɗaga wani tsohon wando da ke kan keken ɗinki, ya nuna gwiwarsa. "Patch," in ji shi. "Faci. Wannan tuni mun karɓe ta mun sa mata hula, ta zama 'yar gida."

Kalmomin da suka haɗa wutsiya 'yan gida ɗaya yake ce musu. Gidan da ya fi so shi ne na IGHT: light haske, night dare, right dama ko daidai, fight faɗa, sight gani, might ƙarfi, sai tight, matsattse, wadda ya ce ita ce kalmar da ta fi ba teloli wahala ranar jajibirin salla. Idan an gama sai ya ƙara eight, takwas, a can ƙasa, ɗan nesa da sauran. "Kayansu iri ɗaya, amma ku saurari muryarta, ba tasu ba ce. Agola ce." Yana faɗa yana dariya, mu ma muna dariya. Sai da na girma na gane abin da nake yi wa dariya.

Ba zan ce duk abin da ya koya mana daidai ne ba. Ya koya wa unguwa guda cewa wound, rauni, ana faɗinta da murya ɗaya da round da sound. Na kai wannan lafazin makaranta, malamarmu ta gyara mini gaban aji. Na dawo da fushi na faɗa masa. Bai ko ɗaga ƙafa daga keke ba, ya ce, "Malamar taku ta taɓa zuwa Bamenda?" Har na zama malamar Ingilishi da kaina, har ya rasu, bai sauya ba. Kawu mutum ne mai taurin kai, kuma taurin kan bai tsaya a kan kalmomi ba.

Rigimarsa da Alhaji mai huluna ita ce ta fi daɗewa a bakin mutane. Ranar Juma'a yakan sassauta wa ƙananan yara ya ba su masu harafi huɗu. Wata Juma'a ya rubuta CH a gaba. Aka kawo chin, haɓa, aka kawo chat, hira. Wata yarinya ta ce chop, ya ce, "Ma'ana?" Ta ce, "Cin abinci." Ya miƙa mata maɓalli.

Alhaji na zaune a kujerarsa yana gyara jerin huluna. Ya ce, "Malam, karɓe maɓallin nan. Sara ake nufi, kamar saran itace. Cin abinci ai buroka ne, Turancin 'yan tasha."

Kawu ya ce, "Ni da na zauna a benci gaban malami, kai za ka koya mini?"

"Benci nawa ka zauna? A wurinmu ko mai tura baro ya san wannan."

Maganar benci ita ta soke shi. Kawu ya shiga ciki, ya fito da buhun hulunan da Alhaji ke ajiyewa a shagon tun kafin a haife ni, ya dire masa a bakin titi. Alhaji ya ɗauka ya koma gaban wani kanti can hanyar unguwar Madagaskar. Damina guda suna sahu ɗaya a masallaci, su yi sallama su juya wa juna baya. Ni lokacin ina jami'a, na ɗauko babban ƙamus na kai wa Kawu, na nuna masa cewa a Ingilishin littafi sara ne, amma a nan ƙasar da ma Najeriyar kowa ya san ci ne, don haka kowa na da gaskiyarsa. Ya rufe littafin ya ce, "Uwata, ban aike ki ba." Ni ma na samu rabona na fushin.

Abin da ya sasanta su ba ƙamus ba ne. Zazzaɓi ne ya kwantar da Alhaji, iyalinsa kuma suna Kano. Kawu ya sa Dada ta dama kunu ta yi farfesu, ya ɗauka da kansa har ɗakin da Alhaji yake haya. Ya ajiye kwanon gabansa, ya tsaya a kansa ya ce, "Chop." Alhaji ya kalle shi, ya kalli kwanon, ya ce, "Ba ni cokali in sare shi." Washegarin da ya warke buhun huluna ya koma kusurwarsa.

Matar nan ta Nkomkana kuwa, ta zo ne lokacin da rikici ya tsananta a yankin su Bamenda, mutane suna ta gudowa Yawunde. Kawu na cikin auna wani mutum sai ya ji mace a bakin titi tana roƙon mai taksi da Pidgin irin na garinsu. Ɗanta na goye, jikinsa zafi, ga wasu biyu riƙe da zanenta, ba ta jin Faransanci ko kaɗan, mai taksin kuma ya ƙosa. Kawu ya bar mai awo hannu a miƙe, da igiyar awo a wuyansa ya shiga taksin tare da su. Shi ya yi mata tafinta a asibiti har yamma. Bayan yaron ya samu sauƙi, ya gano tana ɗan taɓa ɗinki, sai ya kakkaɓe tsohon keken da ke bayan shago ya ce ta zauna.

An yi magana. Wasu dattawa sun same shi bayan sallar la'asar suka ce bai dace ba, mace baliga, ba ta addininmu ba, ta wuni a shagon namiji. Ya saurare su har suka gama. Ya ce, "'Yar garinmu ce. Na san yadda ake ji idan ka buɗe baki a garin nan ba wanda ya gane ka." Ya fito da kekenta baranda inda kowa ke gani, ya ce wanda ke da sauran magana ya kawo mata aiki. Ta shekara biyu a barandar nan kafin ta buɗe nata wurin.

'Ya'yanta suka zame wa yaran unguwa bala'i a wasan ƙyaure, don Ingilishi a bakinsu yake. Kafin namu su gama tunani sun jero bakwai. Kawu bai sassauta musu doka ta biyu ba: ma'ana da Hausa ko ba maɓalli. Dole suka riƙa jan yaranmu gefe suna ciniki, ka ba ni Hausar in ba ka kalmar. Haka suka koyi Hausa. Babban yanzu idan yana magana a waya sai ka rantse a Briketeri aka yanke masa cibiya.

Ta bakin wannan matar da masu zuwa wurinta Kawu ya riƙa jin labarin garinsu, wace unguwa ta watse, wace kasuwa ba ta ci. Ta nan ne kuma saƙo ya iso cewa yayarsa, wadda rabonsa da ita tun bikin babban ɗanta, tana kwance tana kiran sunansa. Ya ce zai tafi. Mahaifiyata ta roƙe shi, Alhaji ya roƙe shi, 'ya'yansa suka kira daga Duwala suka ce hanya ba ta da kyau, ana tare motoci, ya bari a ga yadda za ta yi. Ya ce ya ji, amma zai tafi. Ya ɗinka mata doguwar riga ta shadda, ya sayi turare, ya ɗaure jaka.

Ranar tafiya katinsa na ɗan ƙasa ya ɓace. Ba mai bin wannan hanya ba kati, shingen farko za a sauke shi. Aka zazzage shago, aka ɗaga katifa, aka duba aljihun kowace riga. Dada na cikin masu nema. Ya fara zirga-zirgar neman takardar wucin gadi, ana ce masa ya dawo gobe. Yana cikin haka aka bugo waya cewa yayar ta cika, har an rufe ta.

Bayan sadakar bakwai ya sa hannu a aljihun farar rigarsa ta Juma'a, wadda aka duba ba sau ɗaya ba, ya ji katin. Mahaifiyata na wurin. Ta ce ya daɗe yana kallonsa, ya ɗaga kai ya kalli Dada da ke bakin murhu, Dada ta sunkuyar da kai. Ya mai da katin aljihu ya fita masallaci.

Bai taɓa tayar da maganar ba. Yana cin abincinta, yana amsa gaisuwarta, yana ɗinka mata kayan salla kamar kullum. Amma hirar da suke yi bayan magariba, shi a kan buzu ita tana tsince shinkafa, ta mutu. Rigar shaddar tana rataye a shago cikin leda, ba ya sayarwa, ba ya bayarwa. Dada ta taɓa ce wa mahaifiyata, "Da ya zage ni, ko ya kore ni gidanmu Ngaundere, da na fi samun sauƙi. Ni dai na ga gawarsa a bakin hanya a cikin raina, na kasa." Mahaifiyata ta ce ta ba shi haƙuri mana. Dada ta ce duk ranar da ta ɗauko zancen sai ya tashi ya ɗauki buta. Shekaru suka wuce a haka.

Bana, wata safiya, alli ya faɗi daga hannunsa yana tsaka da rubutu a ƙyaure. Alhaji ne ya tare shi kafin ya kai ƙasa. A asibiti aka ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Gefen damansa ya mutu, magana kuma ta ɗauke. Yana gane mu, idonsa na bin duk wanda ya shigo, amma idan ya buɗe baki zai ce ruwa ko zai kira sunan wani, sai abin ya tsaya a maƙoshi, hawaye ya zubo. Abu biyu ne kawai ke fita sumul: Fatiha, da gidajen kalmominsa. Yakan kama ɗaya ya bi shi tiryan-tiryan. Likitan ya yi mini bayani da Faransanci cewa haka ciwon yake, abin da harshe ya haddace ya maimaita shekara da shekaru yakan tsira, amma kada mu ɗauka saƙo ne yake ba mu. Na ce na gane.

Dada ba ta jin Ingilishi ko kalma ɗaya. Tsawon zamansu wasan ƙyaure a wurinta shiririta ce ta tsofaffi, takan ce kalmomin Malam ba sa shiga tukunya. Yanzu ga shi su kaɗai suka rage a bakin mijinta. Duk lokacin da ya fara sai ta juyo gare ni: "Me ya ce?" In fassara mata, ta riƙa juya abin a ranta, ba ta samu inda za ta kama ba.

Ranar Laraba da la'asar likita ya kira mijina waje, na ga yadda suka tsaya. Dada ma ta gani. Ta ce wa mahaifiyata da Alhaji su ɗan ba ta wuri. Na tashi zan bi su, ta riƙe mini zane. "Ke zauna. Ba ni da kunne sai ke."

Ta durƙusa a gefen gadon, saitin hannunsa mai rai.

"Malam, ni na ɗauke katin. A cikin tukunyar garin kuka na sa shi. Ka sani, na san ka sani. Na hana ka ganin 'yar'uwarka. Ka yafe mini, don Allah, kada ka tafi da ni a wuyanka."

Ya kalle ta. Leɓensa ya motsa, ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ya fito. Ya rufe ido ya huta. Da ya sake buɗewa, sai muryar ta zo a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Dress. Press. Bless."

Ya tsaya nan, numfashi ya ƙare masa.

Dada ta juyo. "Me ya ce?"

Na ce, "Ta farko riga ce, Dada. Ta biyu guga."

"Ta ukun fa?"

"Sa albarka."

"Sake faɗa."

"Sa albarka. Kamar a ce Allah ya yi miki albarka."

Ta kifa goshinta a kan hannunsa. A nan ta yi kukanta, duka, shi ya sa masu zaman makoki ba su ga ko ɗigo ba. Yatsunsa na ga sun motsa a kan ɗankwalinta. Ni malamar Ingilishi ce, na san gidan nan yana da sauran 'ya'ya, akwai chess, akwai guess, na kuma tuna abin da likita ya faɗa mini. Ban sani ba ko numfashi ne ya tsayar da shi a nan ko shi ya zaɓi ya tsaya. Ban faɗa mata ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma ba zan faɗa ba.

Ya cika ranar Juma'a kafin a kira salla, Dada na riƙe da hannunsa, Alhaji na laƙƙana masa kalmar shahada.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, tela ne, maraya ne tun yana ƙarami, ya tufatar da mutane da yawa. Ka yafe masa taurin kansa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da yayarsa a inda ba shinge a hanya. Ka ba Dada haƙurin takaba, mu kuma Ka kyautata namu zuwan.